Gaisuwar da Ta Fid da Gwani a Xintang

Duk wanda ya sauka Xintang, garin da ke gefen birnin Guangzhou a ƙasar China, inda ake ɗinka wandon jins kamar ba gobe, ya tambayi wani mai shago ina baƙin mutumin nan mai tef ɗin awo a wuya, za a nuna masa hanya. Sunansa Mas'udu, mutumin Dakata ne a Kano. Hausawan Guangzhou Mas'udu Awo suke ce masa, 'yan China kuwa da harshensu ya kasa ɗaukar sunan sai suka datse shi ya koma Masu. Gajere ne, siriri, ba shi da yawan magana, kuma yana da haƙuri da kowa a kan komai sai abu ɗaya. Kada ka ce masa talatin da huɗu alhali talatin da biyu ne. A nan za ka ga ɗan mutum ya tashi tsaye.

Tela ne tun asali. A bakin Kantin Kwari ya kafa kekensa, aikinsa rage tsawon wando da buɗe ƙugu. A nan Allah ya haɗa shi da Alhaji Ilu, babban ɗan kasuwar jins, ranar da aka sauke wa Alhajin kwantena guda daga China. Lambar da ke jikin wandunan talatin da shida ce, amma ko ɗan sakandare sai ya riƙe numfashi kafin ya ja zif. Yaran shago kowa na tsoron faɗa wa Alhaji. Mas'udu ya ɗora tef, ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, an cuce ka." Alhaji Ilu ya dube shi tun daga sama har ƙasa. Kafin shekara ta zagayo ya yi masa fasfo da biza, ya ce ya je ya tsaya a kan masu ɗinkin da kansa. A shekarar 2003 ke nan, kuma kafin wannan tafiyar mutumin naka bai taɓa wuce Zariya ba.

Kalmomi huɗu ya fara koya: nihau ta gaisuwa, sheshe ta godiya, lauban wato maigida, sai meyo, wato babu. Wannan ta ƙarshen ya fi masu ita amfani da ita. Da an miƙo masa wandon da bai cika awo ba sai ya ture shi gefe ya ce, "Lauban, meyo!" Masu masana'antu suka tsane shi na wata shida, daga baya suka koma neman sa, don sun gane duk kayan da ya wuce ta hannunsa ba ya dawowa.

Alhaji Ilu kuwa ya zame masa uba. Shi ya karɓar masa auren Hasiya, shi ya raɗa wa ɗansa na fari suna Ilu, kuma kusan duk aikin da Mas'udu ke ci da iyalinsa na Alhajin ne. Mas'udu yana son mutumin nan so na gaskiya, ba na ganin ido ba. A riƙe wannan, don in ba a riƙe shi ba za a ɗauka abin da ya yi daga baya abu ne mai sauƙi.

Akwai wani tsohon ciwo da ya zo da shi daga gida. Yana ɗan shekara ashirin aka yi zaɓen nan na ƙato bayan ƙato, inda kowa ke tsayawa a layi bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna da babbar murya. Ya tsaya cikin rana a filin firamaren unguwarsu bayan wani malamin makaranta, ya ji an ƙirga shi, malamin kuma ya ci. Bayan wasu shekaru aka sauya tsari. Aka kulle daliget a otal kwana biyu, suka fito da sunan wani da ko mai shayin unguwa bai san shi ba, aka ce wai an yi masalaha. Tun daga ranar, in Mas'udu ya ji kalmar masalaha sai ransa ya ɓaci.

Shekarar 2008 ta zo da wasannin Olamfik, ta zo wa baƙi da matsi. Biza ta yi wuya, 'yan sanda suna tare hanya suna tambayar fasfo, wanda bizarsa ta ƙare ko masallaci sai ya yi tunani kafin ya fito. A irin wannan lokacin ne shugabancin babbar ƙungiyar 'yan kasuwar Afirka ta Yamma da ke Guangzhou ya zama abin nema, don shugaban ne ke shiga gaban hukuma ya yi magana a madadin kowa. Kowane ɓangare kan tsayar da ɗan takara ɗaya: 'yan Mali, 'yan Gini, 'yan kudancin Najeriya, da Hausawa. Su Hausawa yadda suka saba, dattawa bakwai ne ke hawa ofishin Alhaji Ilu a unguwar Tianhe, a rufe ƙofa, a sha shayi, a fito da suna. Sau biyu suna yin haka, sau biyu ɗan takararsu na shan kaye a babban zaɓe. Wannan karon kowa ya san Alhaji Ilu da kansa za a fitar.

A gidan tuwon da Hausawa ke taruwa da rana akwai talabijin, kuma a watannin nan ba abin da take nunawa sai zaɓen fid da gwani na Amurka. Yalwa, surukin Alhaji Ilu, shi ne mai Turancin wurin, shi ke fassara yana ƙara gishiri.

"Ka ga a wasu jihohin," in ji Yalwa, "'yan jam'iyya ne kawai ke taruwa a ɗaki, a yi ta lallashin juna awa uku. Wanda ke da mutane masu jure zama shi ke ci. A wasu jihohin kuma ƙofa a buɗe take, ko ba ka da katin jam'iyya ka zo ka zaɓa. A nan sai wanda jama'ar gari suka sani."

Mas'udu ya ajiye cokali. "Wato mutum ɗaya, a ɗaki ya ci, a fili ya faɗi?"

"Sosai ma."

Maganar ta bi shi har Xintang. Yana awo yana juya ta. Hausawan da ke zaune a Guangzhou ba su kai arba'in ba, amma masu zuwa sari su koma, daga Kano da Maraɗi da Yamai, maza da mata, kullum akwai fiye da ɗari a gari. Ba wanda ya taɓa tambayarsu wa suke so, shi ya sa ranar babban zaɓe kowa kan kama gabansa ya tafi kasuwa. Ɗan takarar da mutum bakwai suka fitar, mutum bakwai ne ke jin nasu ne. Shi a lissafinsa Alhaji zai ci a ɗaki, zai ci a fili, to me zai hana ya ci a fili ya shiga babban zaɓe da jama'a a bayansa? Wallahi don Alhaji ya yi wannan tunanin.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallacin Huaisheng, dattawa na tsaye a bakin titi ana gaisawa, Mas'udu ya matso ya rusuna.

"Alhaji, ina da magana, in an ba ni dama. Bana a bar ɗaki. A yi ƙato bayan ƙato."

Yalwa ne ya fara dariya. "Kai Awo, siyasa ba ƙugun wando ba ce. To wa zai yi zaɓen? Ina rajista? A wannan shekarar wa zai yarda ya rubuta sunansa da lambar fasfonsa a takarda?"

Tambaya ce mai kyau, kuma Mas'udu bai shirya mata ba. Abin da ya zo bakinsa shi ya faɗa. "Ba sai da takarda ba. Duk wanda aka gaishe shi da Hausa ya amsa har ƙarshe, namu ne, ya shiga layi."

Aka fashe da dariya, har da Alhaji Ilu. Shi mutum ne mai son a yi abu a gaban jama'a in ya tabbata zai yi kyau. Ya dafa kafaɗar Mas'udu ya ce, "Na yarda. Kai za ka yi gaisuwar, kai za ka ƙirga, saboda haka kai ba ka da ƙuri'a. In kuma aka yi kunnen doki, magana ta koma ɗaki wurin dattawa. Kowa ya ji?"

Kowa ya ce ya ji.

Abin da ba wanda ya hango shi ne Tankari. Tankari mutumin Maraɗi ne, ba shi da ofis a Tianhe, ba shi da kwantena ko ɗaya. Aikinsa rakiya: ya tarbo baƙo a filin jirgi, ya kai shi masauki, ya kai shi kasuwa. Amma duk wanda ya taɓa kwanciya ciwo a garin nan ya san wa ya zauna a gefensa a asibiti yana yi wa likita bayani da yaren China. Dattawa bakwai ba su taɓa kawo sunansa ba, don ko hawa ofishin bai taɓa yi ba. Da labari ya bazu cewa bana kowa zai zaɓa, matan da ke zuwa sari daga Maraɗi da Yamai suka same shi suka ce sai ya tsaya. Ya ce, "Ni mi na sani ga siyasa?" Suka ce ba ruwansu, shi dai ya tsaya su tsaya bayansa.

Mas'udu da ya ji haka ya gane Alhaji zai iya faɗuwa a fili. Ya kira Hasiya a waya ya ba ta labari. Ta ce, "Kai dai Baban Ilu, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Allah ya fid da kai kunya." Ya ce amin, amma bai ji sauƙi ba.

Taron mutum ɗari a titin Guangzhou a wannan shekarar neman magana ne, don haka aka kai shi Xintang, harabar wata masana'antar jins. Wanda ya nemo izinin wurin, ya sanar da hukuma, shi ne shugaban ma'aikatan masana'antar, wani ɗan China Musulmi mai suna Ma, wanda Hausawa ke kira Malam Isa. Ya taɓa yin shekara shida a Kano yana aikin fata, kuma shi ake nema idan magana ta cije tsakanin Bahaushe da mai masana'anta.

Ranar Lahadi ce, an yi ruwa da safe ya ɗauke. Manyan motocin bas uku suka kawo jama'a. Mas'udu ya tsaya a bakin ƙofa yana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya har muryarsa ta dishe. Wasu 'yan Gini biyu suka gwada sa'a. Ina kwana, lafiya. Ina gajiya, lafiya. Ina labari, lafiya. Mas'udu ya ce, "Bayin Allah, meyo," ya nuna musu benci su zauna su yi kallo.

Aka ja layi biyu. Alhaji Ilu a gaba da babbar riga fara, Tankari a gaba da 'yar shara da takalmin roba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi: wanda ya ci tuwonka jiya yau ga shi a layin wani, ido na ganin ido. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka tsaya ƙyam. Mas'udu ya fara da layin Alhaji, yana dafa kafaɗar maza, mata kuma ya nuna su da hannu, jama'a na maimaita lamba a bayansa. Sittin da uku. Ya koma layin Tankari. Sittin. Sittin da ɗaya. Sittin da biyu. Wata dattijuwa mai lulluɓi ita ce sittin da uku.

Ya buɗe baki zai ce kunnen doki, har ya ji wani sanyi a ransa, don magana za ta koma ɗaki Alhaji ya ci. Sai ya ga akwai mutum a bayan dattijuwar. Malam Isa ne, da farar hularsa, hannuwa a baya, ya tsaya a layi kamar kowa. Shi bai biyo ta ƙofa ba tunda a ciki aka same shi, saboda haka ba wanda ya gaishe shi.

Wuri ya kaure. Yalwa ya taho yana ɗaga hannu. "Wannan ai ɗan China ne! Malam Isa, wasa kake? Zaɓen Hausawa ake yi!"

Malam Isa ya amsa da Hausar Kano tsantsa. "Ba wasa nake ba. Duk wanda kuka zaɓa, ni zan riƙa bin sa ofishin 'yan sanda ina fassara. Kuma da mahaifina ya rasu, Tankari ya yi kwana da wuni a jirgin ƙasa ya je har garinmu ya yi mana ta'aziyya. An ce mai amsa gaisuwa ya shiga layi. Ga ni."

"A cire shi!" in ji wasu. "A bar shi!" in ji matan Maraɗi. Tankari kansa ya juyo yana cewa da Hausarsa ta Maraɗi mai gauraye da Faransanci, "Bon, in don ni ne ku hidda shi, kada a yi hwaɗa." Ba wanda ya saurare shi.

Alhaji Ilu bai ɗaga murya ba. Ya tako a hankali har inda Mas'udu yake, ya ce yadda su biyu kawai za su ji, "Mas'udu, ka duba da kyau."

Mas'udu ya gane sarai. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da zaman lafiya. In ya ce baƙo ne, ba wanda zai zarge shi, don ko makaho ya shafa ya san Malam Isa ba a Dakata aka haife shi ba. Ya tuna Hasiya da yara uku, ya tuna wanda ya ɗauko shi daga bakin Kwari. Tsoro ya kama shi sosai. Amma magana zarar bunu ce, kuma daga bakinsa ta fita a ƙofar masallaci, jama'a na shaida.

Ya ce, "Alhaji, ka yafe ni. Gaisuwa muka ce." Ya juya ya fuskanci Malam Isa, ya ɗaga abin da ya rage na muryarsa.

"Salamu alaikum, Malam. Ina wuni?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya aiki?"

"Aiki da godiya."

"Yaya iyali?"

"Suna nan ƙalau."

"Yaya aka ji da ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ina labari?"

"Sai alheri."

"To madalla."

Mas'udu na shirin juyawa sai Malam Isa ya ɗan rusuna, don wanda ya san gaisuwa ya san ba a karɓa a tafi da ita, sai an mayar.

"Malam Mas'udu, yaya baƙunta?"

Shekara biyar yana ƙasar nan, ba wani ɗan ƙasa da ya taɓa tambayarsa haka, balle da harshen uwarsa. Idonsa ya cika. Ya ce, "Baƙunta ta ƙare." Sannan ya dafa kafaɗar mutumin ya ce da ƙarfi, "Sittin da huɗu."

Matan Maraɗi suka rangaɗa guɗa har ma'aikata suka leƙo ta taga. Alhaji Ilu ya je ya miƙa wa Tankari hannu, ya yi masa fatan alheri kamar yadda ya dace da dattijo, ya shiga motarsa. Bai dubi inda Mas'udu yake ba.

Bayan mako uku aka yi babban zaɓe. Hausawa suka fito kamar ba a taɓa gani ba, har da masu jirgin gobe da ba su gama ɗaurin kaya ba, don wannan karon ɗan takarar nasu ne, su suka tsaya a bayansa. Tankari ya ci. A watannin matsin nan mutane da yawa sun koma gida da mutuncinsu saboda zirga-zirgarsa, Malam Isa na biye da shi.

Shi kuwa Mas'udu, Litinin ɗin da ta biyo bayan Lahadin nan Yalwa ya kira shi ya ce Alhaji ya samu wani mai awo. Ba faɗa, ba zagi, aiki ne kawai ya tsaya. Ya sha wuya, ba ƙarama ba. Ya bar ɗakinsa ya koma wanda ya fi shi ƙanƙanta, ya shekara biyu bai je gida ba, yana bin masu ƙaramin sari yana auna musu dozin ashirin, dozin talatin. Abin da ya fi cin ransa ba aikin ba ne, a'a, ya ga Alhaji a masallaci ya gaishe shi, a amsa masa kamar baƙo. Bai taɓa zuwa ya ce ya yi kuskure ba, tunda bai yi ba. Bai kuma taɓa bari a zagi Alhaji a gabansa ba. Mutane suka yi ta cewa taurin kai ne da shi, har da waɗanda suka ci moriyar taurin kan.

A 2010 wa'adin Tankari ya cika, ya ce shi ya gaji, a nemi wani. Ba wanda ya ƙara kawo maganar ɗaki. Wata ranar Talata da hantsi Mas'udu na durƙushe a kan tulin wanduna a Xintang sai ga Yalwa, ya tsaya a kansa yana sosa ƙeya.

"Awo, Alhaji zai sake tsayawa. Mutum uku ne bana."

"Allah ya ba shi sa'a," in ji Mas'udu, bai ɗago ba.

"An zauna jiya a kan wa zai ƙirga. Ni na kawo sunan mutum biyu namu. Alhaji ya ce a'a." Yalwa ya ƙara da cewa, "A gaban kowa ya faɗa. Ya ce in ba Mas'udu ne zai ƙirga ba, shi ba zai tsaya ba. Ya ce wanda ya iya kayar da ni ina tsaye ina kallonsa, in ya ce na ci, to na ci."

Mas'udu ya ɗago. Ya ninke wandon da ke hannunsa, ya ajiye, ya ja hannun rigarsa ya goge fuskarsa.

"Aikin awon fa," in ji Yalwa a hankali, "bai ce komai a kai ba."

"Ban tambaya ba," in ji Mas'udu. "Ka ce masa zan zo. Ka kuma ce masa ya tara mutanensa da kyau, don ko ɗaya ba zan ƙara masa ba."